Alwalar Tsohon Dodoru

Yau da azahar na ga babana yana laluben buta, sai marigayi malaminmu ya faɗo mini a rai.

Muna ɗalibai a Kalgo, mota guda yake cusa mu: mai koyon gashin ƙashi, mai koyon haɗa magani, da ni ɗalibin jinya. Ran da ya kai mu Dodoru duba wani tsoho mai ciwon suga, kowa na ɗokin fito da kayan awonsa. Malam ya ce, "Ku aje. Baba zai yi alwala, ku kalla."

Muka zuba ido, ruwa na sauka kan rairayi. Mai gashin ƙashi ya ga gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Mai magani ya ga jiri ya ɗebi tsohon da ya miƙe. Ni na hango gyambo tsakanin yatsun ƙafarsa, shi ko jin sa bai yi.

"Mi kuka gani?" in ji malam. Kowa ya faɗi nasa. Ya ce, "Da ɗayanku kaɗai ya zo, da abu biyu cikin ukun nan sun wuce shi."

Na miƙa wa babana butar, na tsaya har ya wanke ƙafa. Allah ya haskaka kabarin malam, mu kuma ran da muka tsufa, ya ba mu masu kallon alwalarmu.