Wayar da Na Ce Ja Ce

Wata ranar Laraba a bazarar 1997 na dawo daga makaranta, jakar buhuna a rataye, na tarar da wata doguwar mota mai ruwan toka a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Tudun Wada, an wangale bonet ɗinta. Babana, Malam Idi mai wayarin mota, ya sunkuya a kan injin har hularsa tana gogar ƙarfe. Mai motar, Alhaji Buba, dillalin shanu daga Doguwa kuma tsohon abokin Baba, yana zaune a benci yana fifita da hannun babbar rigarsa. Baba bai ɗago ba ya ce, "Uwata, kawo mini ruwa." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Ruwan kuwa ba don ƙishirwa yake nemansa ba, ni da shi kaɗai muka san haka.

Kusan shekara guda ke nan da yanar ido ta fara sauko masa. Yana ganin hanya, yana gane mutane, amma launin waya ya gagare shi, kuma mai wayarin da ba ya rarrabe launi ya gama aiki a idon jama'a. Don kada a gane, ya rufe shagonsa na tasha ya dawo da aiki ƙofar gida, ya ce wai inuwar nan ta fi. Ni na zama idonsa. In na kawo kwanon sha sai in tsuguna kusa da shi kamar ina jiran ya gama, shi kuma ya riƙa taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina raɗa masa launinsu. Shekarata goma, ga rawar kai, ga ji da kai. Ina ganin duk garin babu wanda ya kai ni sanin waya, domin da guntayen da yake yarwa nake kitsa awarwaro, in tafi da su makaranta 'yan ajinmu su yi ta bina da aya da gyaɗa, har su bar mini farawa a carafke. Wanke-wanke da shara da kai wa jar akuyarmu harawa, duk a gurguje nake yinsu, kunnena yana ƙofar gida, Inna tana faɗan na bar tukunya da ƙanzo.

Motar Alhaji Buba 'yar Jamus ce, irin waɗanda aka fara shigowa da su na hannu a lokacin, masu ɗan akwati a ciki da ake kira ƙwaƙwalwa. Makanikanmu ba su san kanta ba, saboda haka ba sa ƙaunarta. Da motar ta fara tari, wani makanike a Kwanar Dangora ya cire ƙwaƙwalwar ya ɗora kafireta irin ta da. Inji ya tashi garau, amma fankar lagireto ta yi shiru, esi mai sanyaya mota ma ya mutu, don ashe ƙwaƙwalwar ce take gaya musu lokacin tashi. Baba ya ce, "Sun cire mata hankali, yanzu sai mu koya mata da hannu." Ya jawo sabuwar waya daga batir, ya sa mata fiyus, ya haɗa ta da makullin mota yadda da an murɗa fanka za ta ɗauka. Ya ware wa esi nasa layin daban. Yatsunsa sun san kaurin kowace waya, yana feƙe su da reza ba tare da ya tsinka gashi ɗaya ba, ni kuma ina yaga masa baƙin tef da haƙori.

Saura wayoyi biyu da suka fito daga jikin fankar. Ɗaya za ta karɓi wuta, ɗayar a ɗaure ta a ƙarfen mota. Baba ya riƙe su ya ce a hankali, "Wacce ce ja?" Na duba. Ɗaya ta sha baƙin mai ta yi dukun-dukun. Ɗayar launin akuyarmu gare ta sak, kuma ban taɓa jin wani mahaluki ya kira akuyar nan da wani abu ba in ba ja ba. Na taɓa ta na ce, "Wannan." Ya ba ta wuta.

Da aka murɗa makulli fanka ta ɗauki gudu. Alhaji Buba ya kunna esi ya ce in shiga in ji. Na zauna a kujerar baya, aka rufe ƙofa, sanyi ya taso ya ratsa rigar makarantata mai gumi, na ga zafin rana yana rawa a waje amma bai iso ni ba. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, har na yi fatan kada a buɗe. Al'adar Baba ce in ya gama fanka ya sa ganye a gaban lagireto, in ya manne to tana jawo iska daidai. Ranar aka kira la'asar, Alhaji yana sauri domin da safe zai kai mahaifiyarsa sunan jikarta Riruwai, don ita ma ya matsa a gyara esin. Suka rufe bonet suka tafi masallaci.

Ranar Juma'a da yamma aka dawo da motar, a ɗaure da igiya a bayan wata motar kaya. Ta tafasa a tsakiyar dajin Falgore, gasket ɗin kan inji ya ƙone, tsohuwa ta wuni a gefen titi cikin rana ba ta ga sunan ba. Nan da nan mutane suka taru, direbobi da makanikai da masu zaman benci. Aka jona batir, Alhaji Buba ya tsinko ganyen darbejiya da kansa ya sa a gaban lagireto, iska ta hankaɗo shi waje. Fankar baya take juyawa. Ya ce, "Malam Idi, shekara ashirin kana taɓa mini mota. Yaya aka yi haka?" Ba da tsawa ya faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Wani makanike ya kankare baƙar wayar da farce, sai ga ja jawur a ƙasan maiƙon. Ya ce ai a motar Jamus mai ruwan ƙasa ita ake ɗaurewa a ƙarfe, ko ɗan koyo ya sani.

Ina tsaye a bakin zaure. Na buɗe baki, Baba ya juyo ya dube ni da idanun nan nasa masu fari-fari, na rufe. Yana iya cewa sauri ne, kowa zai yarda. Sai ya cire hularsa ya ce, "Idona ne, Alhaji. Shekara guda ke nan ba na rarrabe launi. Ya kamata in faɗa tun kafin in ja wa tsohuwa wahala. Ka yafe mini." Alhaji Buba ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba.

Daga ranar motoci suka fara raguwa a ƙofar gidanmu, kafin damina ta faɗi sun ɗauke gaba ɗaya. Baba ya koma gonarmu ta hanyar rafi. Ni nake kai masa fura, kuma a can na yi kukan da na riƙe, na ce ni ce na jawo. Ya dafa kaina ya ce, "Ba ki yi ƙarya ba, Uwata. Da Hausa na tambaye ki, da Hausa kika amsa. Bature ne ya raba su." Ya kuma hana ni gaya wa kowa, ya ce yarinya ba ta tashi da irin wannan a kanta.

Yanzu in motata ta yi ciwo a Kano, wani saurayi ne yake soka mata na'ura, ita da kanta ta faɗi abin da yake damunta, babu mai neman a raɗa masa komai. Aikin ya fi sauri, ban musa ba. Amma nakan tsaya a garejin in ji ina kewar zafin ƙarfen bonet da warin tef, da numfashin Baba kusa da kunnena yana jiran abin da zan ce, ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Tsofaffin direbobin Tudun Wada har yau in hira ta biyo ta kansa sukan ce mutumin kirki ne, gwani, sai dai ido ya ci amanarsa har ya juya fanka. Na riƙe masa alkawari iya ƙarfina, amma ina so su sani kafin su ƙare. Hannun Malam Idi bai yi kuskure ba, ni ce na nuna masa wayar.