Baƙin Man da Na Wanke a Ƙofar Gidanmu

Wata Laraba ce cikin damina, shekara huɗu kafin Turawa su miƙa mulki, kwana uku da rasuwar Babana. Da hantsi Gwaggo Asabe, yayarsa da ta zo daga Zariya, ta kira ni ƙofar gida ta nuna mini ƙasa da ɗan yatsan ƙafarta. "Hauwa, nan maza za su shimfiɗa tabarmi ranar addu'ar bakwai. Ki kankare mini wannan dattin." Shekarata tara. Na ce to, na shiga ɗauko bokiti.

Babana direba ne. Wata tsohuwar mota mai bodin katako yake ja wa wani ɗan kasuwa, yana jigilar gyaɗa da hatsi tsakanin Zariya da Kaduna, in ya dawo ta kwana a ƙofar gidanmu da ke Kawo. Lokacin gidajen unguwar tsilla-tsilla suke, bayan katangarmu ma gonar dawa ce. Da ruwa ya sauka sai ƙofar gidan ta koma taɓo, tayoyi su kafe, shi ya sa ya yi ta kwaso jan bulo kaɗan-kaɗan yana jerawa da hannunsa har wurin ya ishi motar. A tsakiya, daidai ƙarƙashin injin, baƙin mai ya yi ta ɗiga har tabon ya kai faɗin babban faifai. In Inna ta yi mitar muna kwaso mata shi a ƙafa har tsakar gida, sai ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa ce, Hajara, ba ta iya riƙewa." Mu kuwa da motar ta fita, sai mu zana gidajen 'yar gala-gala da gawayi a kan bulon, wadda duk ta taka baƙin wurin ta faɗi.

Motar ta kife da shi ne gaba kaɗan da Rigachikun, ana tsuga ruwa. Wani mutum a kan keke ya kawo labari. Mata suka cika gida da kuka, ni kuwa ina tsaye ina kallon bakunansu. Na ci tuwon da aka ba ni, na kai wa akuya dusa. Na ji wata maƙwabciya tana cewa yarinyar nan ko ɗigon hawaye, na waiwaya ina neman wadda take nufi.

Da sabulun salo da soso na fara. Ruwan ya riƙa dunƙulewa a kan man yana gangarewa, kumfar ta yi baƙi, tabon yana nan. Na kwaso toka daga murhu na haɗa da yashi na yi ta dirza har gwiwoyina suka saluɓe. A haka Baba Yohanna ya same ni, kafintan da ke gidan da ke kallon namu, mutumin Kagoro, abokin hirar Babana. Ya tsaya ya duba wurin. Can ya tafi ya dawo da garin katako a kwano da kananzir a kwalba.

"'Yata, bulo shan mai yake yi, ƙarfi ba zai fitar da shi ba," in ji shi. "Jawo shi ake yi a hankali."

Ya nuna mini: a jiƙa wurin da kananzir, a rufe da garin katako da toka, a danne da dutse ya kwana, da safe a share, sannan a bi da ruwan zafi da kanwa. Haka na yi kwana uku. Kowace safiya garin yakan tashi baƙi ƙirin, wurin ya ƙara haske. Masu zuwa gaisuwa suna ratse ni suna wucewa. Ba na tunanin Baba, ba na tunanin komai, bulo kawai nake bi ɗaya bayan ɗaya. Hannuwana suka yi fari suka tsage, abinci duk warin kananzir.

Ranar bakwai da sassafe, kafin a fito da tabarmi, ina sharar ƙarshe sai na ji motsi a zaure. Inna ce. Tana takaba, tun ranar da aka kai shi ban ga ta taka ko bakin ɗakinta ba. Ta ɗaga asabarin ƙofar kaɗan tana kallon bulon, ya yi ja fes kamar ba a taɓa ajiye mota a wurin ba.

"Wa ya wanke?"

"Ni ce, Inna. Gwaggo ta sa ni."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Kin iya aiki," ta saki asabarin ta koma.

Sai bayan na yi aure har na haihu ta gaya mini cewa a kwanakin nan na farko, kullum in ta idar da sallar asuba takan lallaɓo zaure ta leƙa tabon, don muddin yana nan sai ta ga kamar motar fita kawai ta yi. Kwana uku ta ga an rufe shi da garin katako, ta ɗauka ajiya ce Baba Yohanna ya yi. Tana tsinkar zogale ta faɗa mini, babu fushi a muryarta. Na jawo tiren zogalen na taya ta.

Yanzu gidan ɗana nake zaune a Malali, tsakar gidan duk bulon siminti ne na zamani. Kwanan baya motarsa ta zubar da mai, ya sayo wani ruwa a jarka ya zuba ya goge, kafin shayina ya huce babu ko alama. Jikokina ba su ma san an yi ba. Gidanmu na Kawo ya koma shaguna, duk waɗanda suka san Babana sun tafi, ko hotonsa ba mu da shi. Da a ce na yi ƙiwar aikin nan, da Inna ta ƙara 'yan kwanaki da mijinta.