Ragon da Ba Ya Turken Kowa

Ranar Laraba da hantsi aka fitar da Jibrilla Attahir daga gurup ɗin darasin filo na ƴan tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, saura mako uku a zauna jarrabawar bak. Ba a kira shi ba, ba a tambaye shi komi ba. Malam Habibu, wanda ke riƙe da gurup ɗin a WhatsApp tare da wasu malamai biyu, ya rubuta layi guda da Faransanci, wai nan wurin ilimi ne ba kasuwar bisashe ba, ya danna waya, shi ke nan. Laifin Jibrilla wai yana tallar raguna cikin ɗalibai. Mutumin da ko gurguwar akuya babu a gidansa!

Wanda bai san shi ba ya je kasuwar bisashe ta Tawa ranar Lahadi, ya nemi wani dogo mai koɗaɗɗiyar hula da ke yi wa rago magana cikin ladabi kamar surukinsa. Shi ne. Dillalin tumaki ne, ya ba hamsin baya. A Barmu aka haife shi, kuma shi kaɗai ne a gidansu ya jure lakwal, wato karatun boko, har ya shigo lise, babbar sakandare, a Tawa, yana zaune wurin kawunsa dillali. Sau biyu ya zauna bak, sau biyu lissafi ya kayar da shi. Filo kuwa, wato falsafa, har karanta wa aji takardarsa ake yi. Da ya faɗi na biyu sai ya bi sawun samarin yankinsu na Adar zuwa Abijan, ya yi shekara bakwai yana yawo da agoguna da tabarau. Ya dawo da akwati guda da tari, ya auri Zaliha, ya gaji igiyar kawunsa a kasuwa. Littafinsa na filo gara ta cinye shi tun yana can. Abin da ke ciki ne dai ba ta samu ba.

Shekara biyu da suka wuce, wata la'asar, ya dawo gida ya tarar da ƴarsa Haula ƙarƙashin rumfa ta tasa takarda a gaba tana share hawaye da gefen hijabi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiran sunanta.

"Uwata, wa ya taɓa ki?"

"Filo ce, Baba. An ce mu kawo magana, mu kawo kishiyarta, sannan mu haɗa su. In magana gaskiya ce, don mi zan rushe ta da hannuna?"

Jibrilla ya ja kujerar tsuguno ya zauna, da warin tumaki da komi.

"Ke, wanga ai ciniki ne. Mai saye ya taya, ya kawo dalilinshi: rago ramamme ne, ƙafa guda tana ɗingishi. Mai rago ya ce albarka, ya kawo nashi: dubi haƙori, dubi gadon baya. In an tsaya nan, kowa ya koma gida da abinshi. Aikin dillali ya saurari duka biyun, ya gano inda kowa ya yi gaskiya da inda ya yi ƙari, har a kai ga sallama. Tambayar da aka ba ki ita ce ragon. Kada ki taya sai kin buɗe bakinta kin ga haƙora."

Haula ta ce ya sake faɗa, ta ɗauka a waya, ta jefa saƙon muryar nan da ake ce wa vokal cikin gurup ɗin ajinsu. Kafin magariba ɗalibai sun cika wurin da tambaya. Malam Habibu ɗin nan da kansa ya nemi lambar Jibrilla ya saka shi ciki, har da hoton tafi ya turo. A rubuta wannan a ajiye.

Tun daga nan ya kafa tsarinsa. Ranar Litinin, bayan gajiyar kasuwa ta sake shi, sai ya taya: ya ɗauki gefe guda na tambaya ya gina shi har ka rantse babu wata gaskiya bayan wannan. Ranar Alhamis ya dawo ya ce albarka, ya rushe abin da ya gina, tubali bayan tubali. Sallama kuwa ba ya yin ta. Ya ce wannan aikin ɗalibai ne, shi ba zai zauna wa kowa bak na uku ba.

Da aka zo kan ƴanci, ya ce ga rago ɗaure a turke, dusa da harawa suna zuwa masa safe da yamma. Ga wani a dajin arewacin Tebaram, ba igiya, sai ƙishirwa da dila. Wanne ne mai ƴanci? Mako guda ana faɗa a kai. Wata yarinya ta ce na turke ai wuƙa ake tara masa. Wani ya ce na daji ma cikinsa ne igiyarsa. Vokal ɗin ya tsallake gurup ya shiga gari: masu kabu-kabu suna sauraro a bakin tasha, mata suna kunnawa suna tankaɗe, ƴan Adar na Abijan suna turo amsa. Haula ta ci bak ɗinta ta wuce, shi ya zauna da ƴan bayanta, ɗalibai wajen ɗari biyu daga makarantu daban-daban. Zaliha ce kaɗai ba ta shiga aji ba.

"Farfesan raguna," in ji ta, "in ka gama ƴanta su, tuwo ya huce."

To, bana Layya ta matso kusa da jarrabawa, kowa maganar rago yake. Litinin ɗin makon jiya Jibrilla ya ɗauki tambaya mai nauyi: abin da ke cikin tunani kawai, za a ce akwai shi? Ya jingina da bango, ya lumshe ido, ya fara siffanta wani rago. Balami fari tas, ba ɗigon baƙi. Tsayinsa ya kai ƙirjin namiji. Ƙaho ya murɗe sau biyu, dama da hagu daidai kamar an auna. Gadon baya ka shimfiɗa darduma. Bai taɓa tari ba, bai taɓa tunkuyin yaro ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar yana yabon bisashen mutane, ka san in ya samu ragon da ba mai ƙaryata shi, ba zai rage komi ba. Sannan ya ce:

"Wanga rago ba ya turken kowa. Ba a haife shi ba. Amma kowane ɗayanku ya gan shi yanzu, kuma da shi kuke auna duk ragon da ke kasuwa, ku ce wannan ya gaza, wancan ya kusa. To wanne ya fi zama rago na gaskiya, shi da ba ya tsufa, ko waɗanda muke ja da igiya? Na taya. Mu haɗu Alhamis."

Minti tara ne. Wata ɗaliba ta tura wa kakanta, Alhaji Ciɗo na Tebaram, don ya sha dariya. Alhaji Ciɗo bai yi dariya ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ji inda aka ce ragon ba ya turken kowa, ya gyaɗa kai. Shekara arba'in yana hulɗa da dillalai, ya san in dillali ya ce babu, kaya na bayan gida, mai tayi mai ƙarfi ake jira. Talata da sassafe ya shigo motar kasuwa, da sabuwar igiya a aljihu, ya yi sallama a ƙofar Jibrilla.

Bayan an gaisa an sha ruwa, ya ce, "To, hito da shi."

"Da wa, Alhaji?"

"Balamin. Kada ka yi mini halinku. Ni ba yaro ba ne."

"Alhaji, wallahi babu shi. Misali ne na yi ma yara."

"Na ji. Wa ya riga ni? Ɗan Maraɗi ne ko? Ko mi ya taya, na ƙara."

Jibrilla ya yi rantsuwa, ya yi bayani, ya sake rantsuwa. Alhaji ya miƙe ya nemi izini ya leƙa bayan ɗaki. Zaliha ta ce bismilla, har madafa ta buɗe masa, ta ce ya duba cikin tukunya ma ko ya shige. Bai samu ko kashin tunkiya ba. Ya dawo yana huci, ya nuna Jibrilla da igiya.

"In babu shi, ƙaƙa ka san ƙahonshi sau biyu ya murɗe? Ka ga irin ƙahon wani wuri, ba daga sama ya faɗo maka ba!"

Nan fa Jibrilla ya yi tsalle ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Alhaji, ka yi albarka! Wanga shi ne darasin Alhamis! Ƙahon na wani rago ne da na gani a Barmu, gadon bayan na wani ne, ni na harhaɗa su. Ke nan ba daga tunani ya sauko ba, daga kasuwa ya hau. Zauna ka faɗa ma yara da bakinka!"

Alhaji Ciɗo ya fizge hannunsa. A ganinsa an wahalar da shi, an ɓoye kaya, yanzu kuma ana yi masa ba'a. Bai koma tasha ba sai da ya nemo Malam Habibu, ya ce dillalinku ya yi talla cikin jikokinmu, ya ja mutane daga ƙauye, ya hana kaya. Malam Habibu kuwa bai saurari vokal ɗin ba. Minti tara sun yi masa yawa. Ya ji rago, ya ji Layya, ya ji dillali, ya haɗa. Washegari ya fitar da Jibrilla, kuma don kada ɗalibai su dame shi, ya kulle gurup ɗin, malamai kaɗai ke iya magana.

Jibrilla bai zagi kowa ba, ba halinsa ba ne. Abin da ke cin sa daban ne. Tunda ya riƙe igiya bai taɓa barin ciniki tsakanin tayi da albarka ba. Yanzu ga yara ɗari biyu ya gina musu rabin magana da dukan ƙarfinsa, sun yarda da ita, kuma an hana shi rushewa. Ya ɗauki darasin Alhamis a waya, Haula ta tura wa waɗanda take da lambarsu, ba su kai talatin ba. Sauran suna nan suna haddace cewa ragon tunani ya fi na turke, magana ta ƙare. In tambaya irin wannan ta fito a bak, za su taya su ajiye biro, mai gyaran takarda kuwa ba ya ba da maki a kan rabin ciniki. Jibrilla ya san ɗacin zuwa duba sakamako ka rasa sunanka. Lahadin nan a kasuwa har ya kira tunkiya rago gaban mai ita.

Saboda haka, Malam Habibu, kai da abokan aikinka biyu: ku zauna ku saurari minti taran nan daga farko har ƙarshe, ba za su kashe ku ba. Ku mayar da Jibrilla Attahir cikin gurup kafin Alhamis mai zuwa, ku buɗe wa yara baki su yi gardamarsu. Kuma ku rubuta a ciki, da Hausar da iyayensu za su gane, cewa bai tallata komi ba, ku ne ba ku saurara ba.