Ƙullin da Na Kwance a Zanen Inna

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni bazawara ce a Yawuri, ina riƙe da 'ya'yana da sana'ar tsofaffin kaya. Nakan bi ƙauyukan bakin ruwa har Wara ina sayen tasoshin jere da zannuwan saƙi da jikoki suka gaji da gani a adaka, in wanke, in sayar wa masu zuwa daga birane. Ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina wajen tsari. Ko ido rufe zan shiga ɗakin hajata in ɗauko abin da nake so. Alamata guda ce: duk zanen da ba na sayarwa ba ne, sai in ƙulle masa kusurwa.

Wata rana Inna, mahaifiyata, ta kawo mini baƙin saƙi mai ratsin fari. Uwarta ce ta saƙa shi, kuma shi kaɗai ya rage mata daga tsohon garinsu da ruwan dam ya ci. Ta ce ɗakinta na yoyo, gara kuma ta dame ta, in ajiye mata tunda ni ce gwanar adana. Ta ce da shi take so a rufa makararta. Na yi mata tsiya cewa sai ta ga tattaɓa-kunne tukuna, na ƙulle kusurwar, na sa shi cikin ɗakin haja.

Daminar shekarar nan ruwa ya cika, danshi ya kama ɗakin, kaya suka fara warin fumfuna. Na fito da zannuwan duka na shanya. Don kusurwoyin su bushe sai na kwance duk ƙullin, da niyyar mayarwa. Hadari ya taso, na kwashe a gurguje, na jera baƙi da baƙi, fari da fari, yadda na saba. Ranar kasuwa wani baƙo ya kwashe baƙaƙen saƙin gaba ɗaya, ya shiga kwalekwale ya haye. Har murna na yi da cinikin. Ban farga ba sai da Inna ta kwanta ciwo ta ce in kawo mata zanenta ta shafa. Na birkice ɗakin nan kaf, na bi masu jirgi da tambaya, babu wanda ya san inda mutumin ya nufa.

Tsoro ya hana ni faɗin gaskiya. Na nemo wani mai kama da shi na kai mata, ina cewa a raina ai idonta ya yi rauni. Ta ɗora shi a cinya, yatsunta suka bi gefen a hankali, inda na tuna akwai wani ɗan ɗinki da ta yi da hannunta. Ta kai ƙarshe ta sake dawowa. Sai ta ninke shi, ta sa mini albarka. Na koma gida ina zaton na tsira.

Ranar da ta rasu na ɗauko zanen zan miƙa, sai ƙanwarta ta riƙe mini hannu. Ta ce Inna ta bar wasiyya a rufa ta da kowane zane aka samu, wannan kuma a mayar mini, hajata ce, kada in yi asara saboda ita. Da zanen aro aka fita da Inna.

Har yau ina sana'ar, amma baƙin cikin bai sake ni ba. 'Yan uwana masu ajiyar kaya, kada ku haɗa amana da haja a ɗaki guda, komai gwanintarku. In kuma ta ɓace, ku faɗa tun mai ita na jin ku. Zanen da aka mayar mini yana nan a adakata, na kasa sayar da shi, na kuma kasa buɗe shi.