Kaset Goma Sha Biyu na Malam Iro

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar aminina Malam Iro, mai gyaran rediyo a Ƙofar Durbi. Ni karatuna bai wuce aji biyu ba, shi ma rabinsa a kan katanga na yi shi. To amma akwai maganar da na riƙe wa mamacin nan, kuma tsufa ya fara yi mini sallama.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, wani maƙwabcinsa ɗan kudancin Kaduna da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar masa kaset goma sha biyu na katun ɗin Japan, irin wanda mutane ke shiga cikin ƙaton mutum-mutumin ƙarfe su yi yaƙi. Ni aka aika ɗauko su a keke. Ruwa ya kama ni a hanya, takardun lambar da ke jikinsu suka ɓare. Na tsaya a wata rumfa na manna su da yawu, kowace inda hannuna ya kai. Ban faɗa wa kowa ba.

Bayan la'asar, in an kawo wuta, sai mu zauna a shagonsa, dattawa biyu da furfura, muna kallon abin yara. Ba ma jin yarensu, amma Malam Iro ya haddace hanyarsu. Maraya zai faɗa cikin ƙarfen da ubansa ya ƙera, ya tuƙa shi ba wanda ya koya masa. Maƙiyin da ya rufe fuska kuwa, a ƙarshe wan yaron ne. In ƙarfe ya mutu a fagen fama, ihu ɗaya ke tayar da shi. Wannan ya fi yi masa ciwo, don shi sai ya yini a kan rediyo guda.

Abin da ya kasa yafewa shi ne wani kwamandan soja da ke cikin katun ɗin. Yau ya ƙone gari, gobe yana goyon jariri, jibi ya koma ƙone gari. Yakan ce, "Wanda ya tsara labarin nan bai san mutum ba. Hali zanen dutse ne." Ni kuwa sai in tsaya wa kwamanda, in ce ai ga namu nan sun tuɓe kaki sun sa babbar riga. Ya ce, "Riga suka sake, Ɗanjuma. Ni hali nike magana." Shekaru muka yi a kan wannan gardamar, ni na san inda gizo ke saƙa, ina kare ɓarnata da tsiya.

Da yana raye yau, da ya ga irin katun ɗin nan cike da waya, ba kaset balle lamba. An nuna mini wasu. Ko a jere suke, mugun yana zama na kirki dare ɗaya. Ina jin da ya yi tsaki ya ce ai ya faɗa.

Watan jiya na je gaida mai ɗakinsa, Hajiya Rabi, na kwance mata ƙullin da na kasa kwance masa. Sai ta ce, "Ai ya sani tun ranar farko. Hannun kwamandan da aka sare a kaset na uku, ya gan shi lafiya lau a na huɗu." Na tambaye ta mi ya hana shi gyara jerin. Ta ce, "Cewa ya yi in ya gyara, gardama ta ƙare, kai kuma ba ka zama wuri sai da gardama."

Shagon ya zama na masu cajin waya, kaset ɗin gara ta ci kwalinsu. Abin da ya rage shi ne mutum guda da na sani shekara talatin, ban taɓa zuwa na tarar da wani daban a rigarsa ba. Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya sa ya huta. Gardama dai ka ci ta, aboki. Ni ne na ɓata lambar.