Takardar Filin Gidanmu

Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu ta Ridina, ina zaune da mahaifina, tsohon mahauci da ciwon ƙafa ya hana shi fita kasuwa. Bayan damina sai ga wasu mutum biyu da igiyar awo da gwangwanin jan fenti, mai unguwa na biye da su. Suka ce gwamnati ta ware tallafi, za a haƙa magudanar ruwa, a gyara katangun da suka tsage. Takardar filin kowane gida kawai suke so.

Baba ya tambaye su da Larabcin da ake yi a garinmu ko fentin na mene ne. Suka ce lamba za su sa. Da suka wuce ya juyo gare ni da Hausa.

"Haka aka yi wa aminina. Da lamba suka fara, sannan aka tashe shi, yau yana Gassi can bayan gari, sai ya hau mota biyu kafin ya ga kasuwa."

"Baba, wannan karon gyara suka ce."

"Mai gyara maka katanga, me ya haɗa shi da takardarka?"

Ni ma na lura ba su auna gidan mai unguwa ba, alhali katangarsa ta fi tamu tsagewa. Sun bar mana wani fom, da Faransanci aka rubuta shi. Na karanta sau uku, akwai layi guda mai maganar sake tsara unguwa, wanda babu wanda ya yi mana bayaninsa. Na je ofishinsu, wata ma'aikaciya ta ce in dawo mako mai zuwa. Da na koma aka ce ta yi tafiya.

Maƙwabciyarmu, mai sayar da man gyaɗa, ta miƙa tata takardar. Ta ce ta gaji da kwashe ruwa da roba. Baba kuwa ya naɗe tamu a leda ya tura ƙarƙashin katifa.

An daɗe kafin a haƙa magudanar, ta bi ta ƙofarmu kamar ta kowa. Aka gina wa maƙwabciya katanga da bulo, tamu ni na liƙe ta da laka. Amma har yau ba a maido mata da takardarta ba. Duk ranar da ta je ofishin, sai a ce tana wurin sa hannu.

Kwanakin baya ta shigo gaida Baba, ta ce bana ruwa bai shiga ɗakinta ba. Ya ce alhamdulillahi, ya tambayi lafiyar 'ya'yanta. Da ta tashi tafiya sai ta tambaye ni ko zan raka ta ofishin ranar Litinin.