Dona Felismina, Mai Shiga Gaba

Kullum kafin masu kifi su gama baza kaya, Dona Felismina Makwakwa ta riga ta iso tsohon gidan siliman nan na Maputo inda ake gasar sarauniyar kyau ta ƙasa. A bakin ƙofa take tuɓe takalmi, ta gyara ɗaurin zaninta na kapulana, ta ɗauki tsintsiya. Shara ce aikinta, sai gugar rigunan 'yan mata in gasa ta matso. Ba ta waƙa, ba ta gulma, shi ya sa na daɗe ban san kanta ba, don ni Mwanasha mai kitso bakina ba ya hutawa. Bana ta ajiye tsintsiya, ƙafafu sun kumbura. An yi mata biki? Ina! Mai ɗaura fitilu ma an kira sunansa a lasifika, ita ko oho. To, ni zan kira nata.

A gasar farko bayan an gama yaƙin basasa an ajiye bindiga, an kwaso 'yan mata daga kowane lardi, wasu a bayan motar masara. Kyau kam ba a magana. Sai dai duk a sunkuye suke tafiya, ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana aza ƙafa daidai inda ta gabanta ta ɗauke. Haka duk muka saba zuwa rijiya, saboda nakiyoyin da mayaƙa suka binne suka tafi abinsu. Mai shirya gasar, Senyor Baltazar, mutumin kirki ne, amma yana Lisbon aka yi yaƙin aka gama. Ya sayo sabon kafet ja wur, aka buga shi da ƙusa tun daga bayan labule har bakin dandamali.

Ranar gwaji da hantsi aka saki kiɗa. Ta farko a layi, Zulmira 'yar Inyambane, ta zo bakin kafet ta ƙame. Na bayanta duk suka ƙame.

"Taho mana, 'yata," in ji Senyor Baltazar. "Kafet ne fa, ba kada ba!"

"Ja ne, Senyor."

"Ja ne mana, irin na sarauniya."

"A garinmu in an shafa wa dutse ja, ba a ƙetarawa. Kuma babu sawun kowa a kai." Ta share hawaye da bayan hannu. "Ni na san kafet ne. Ƙafata ce ba ta sani ba."

Bawan Allah ya nemi kujera ya zauna. Gobe gasa, ga 'yan mata sun ƙi motsi.

Ba wanda ya kula lokacin da Dona Felismina ta fita. Sai ga ta da garin masarar da za ta tuƙa abincin ranarta. Ta juye shi a faranti, ta jiƙa tafin ƙafa, ta taka garin, ta hau kafet ɗin nan a hankali tana barin farin sawu. Kowa ya san fari shi ne alamar inda masu tonon nakiya suka gama.

"Ku taka inda na taka," ta ce. "In akwai wani abu, ni zai fara ɗauka."

Zulmira ta bi. Kafin ta kai tsakiya ta ɗaga kai, wallahi sai da ni kaina na tafa. Tun daga wannan shekara ba a gwaji sai Dona Felismina ta taka gari ta shiga gaba.

Abin da ban taɓa faɗa a fili ba shi ne abin da na gani kafin 'yan matan su hau. Ina tsaye kusa da labule da mataji a hannu, na ga a gaban kowane sawunta akwai wani ƙarami, fari tas, irin na yarinyar da ba ta daɗe da famfara ba. Ƙafar hagu kaɗai. Babu yaro ko ɗaya a gidan. Na yi salati, tsigar jikina ta tashi. Mai gadi da na jawo ya ce kyanwa ce. Na ce masa kyanwar gidanku ce mai yatsu biyar da diddige?

Da aka watse na tare ta.

"Kin gani ke nan," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Lurdes ce, 'yata. Za mu rijiya ta ce, 'Mama, yau ni zan shiga gaba.' Ina gyara tulu a kai na ce je ki. Ta hango kanju ya faɗo a gefen hanya. Kaucewarta ke da wuya nakiya ta tashi." Ta ci gaba da ninke riga. "Mwanasha, sau ɗaya nake so in sha gabanta. Sau ɗaya tak. Ta ƙi tsayawa."

Daga nan kowace shekara sai ta ƙara sauri a kan kafet. Masu ɗaukar hoto har tsokanarta suke, "Dona, tsere aka sa ne?" Ni kaɗai na san wadda take bi. In leƙa, sawun nan yana gaba. Shekara ta zagayo in sake leƙawa, yana gaba. Har na daina cin abinci ranar gwaji.

Bana likita ya hana ta tsayuwa, amma ranar gwaji sai ga ta da farantin gari. 'Yan matan yanzu kuwa bayan an tone nakiyoyi suka yi wayo, suna riƙe da waya suna ƙyalƙyala dariya, suna kiranta Vovo, wato kaka. "Vovo, wannan kuma wane tsafi ne?" Na ce su kama bakinsu ko in kama musu gashi. Na miƙa mata sanda ta ture. Ta san daga wannan babu wani.

Ba ta iya sauri ba. Taku ɗaya, ta huta, taku ɗaya, ta huta. A tsakiyar kafet ta tsaya cak. Ba ta ɗaga murya ba, amma gidan ya yi tsit har kana jin kukan fanka. Da muryar da uwa take kiran 'yarta cin tuwo ta ce, "Lurdes, na gaji. Koma bayana."

Wani sanyi ya ratsa ta gefen zanina, a tsakiyar zafin nan. Ta ɗaga ƙafa ta ci gaba har ƙarshe.

Na hana kowa hawa, na je na duba. Har tsakiya ƙaramin sawun yana gaba yadda ya saba. Daga nan babu komai a gaba. Sai a cikin kowane sawunta garin ya lotsa da siffar 'yar ƙafa, hagu da dama.

Na gaya mata. Ta riƙe hannuna. "Duka biyun?"

"Duka biyun, Dona."

Ta zauna a bakin dandamali ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba, ni ma na taya ta.

Ke ce mai shiga gaba, Dona Felismina, garkuwar 'ya'yan mutane. Sarauniyoyi sun ɗauki kambi sun tafi, ba wadda ta kai bakin dandamali sai a kan sawunki. Mun gode, mun gode. Allah ya sassauta miki ciwon nan, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma da kuke da ƙanana, a gida ko a wurin aiki, in hanya ba ta da tabbas kada ku tura su su gwada muku. Ku tuɓe takalmi ku fara takawa. Baɗi in da rai ni zan taka garin. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, amma ba zan bar 'yar kowa ta riga ni hawa ba.